Tarihin Kakarmu ta Dakoro, Matar da Ta Ci Guminta Har Ƙarshen Rayuwa

Jama'a da yawa sun yi mana ta'aziyyar Inna, kakarmu ta wajen uwa, wasu kuma sun nemi jin tarihinta. Ga abin da ya sawwaƙa.

Inna ba da takarda take lissafin shekarunta ba, da abubuwan da suka faru take yi. Takan ce tana budurwa Nasara suka kafa bariki a Dakoro, a shekarun 1940, tana goyon ɗanta na uku kuma aka ce Nijar ta samu 'yanci, ranar 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani ya hau mulki. Da wannan lissafin muka san ta haura casa'in.

Kamar kowace matar aure a ƙasar Maraɗi, tana aiki a gandun maigida, amma tana da gamanarta, gonar da abin da ya fito cikinta nata ne ita kaɗai. Gyaɗa da wake take shukawa. Ta soya gyaɗar, ta daka, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli, ribar kuma ba ta kwana a ɗaki, akuya take saye. Dakoro mahaɗa ce ta manoma da makiyaya, Hausawa da Fulani da Buzaye, Inna kuwa tana da ƙawaye a kowane ɓangare. Da damina takan ba wata Bafulatana awakinta su yi arewa wajen kwarin Tarka, da kaka su dawo, a ba Bafulatanar gero, ita kuma ta kawo nono da man shanu.

Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba adadi, a cikinsa kuma maigidanta ya rasu, shekarar da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori. Da ta fita takaba, dangi suka so ta sake aure ko a raba yaran. Ta ce da su: "Ku yi haƙuri, wanda ya ba ni su shi zai ba ni abin ci da su." Ta zauna a ɗakinta.

Yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi a lokacin, ita ce ta fi ba mu labarinta. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Sai ta shiga daji ta tsinko anza, ta jiƙa ta kwana da kwanaki tana sauya ruwa har ɗacin ya fita, ta haɗa da ganyen jiga ta dafa. Ita ke rabawa da ludayi, ƙananan yara su fara, kwanonta ya zo ƙarshe. Akuya ɗaya ta ƙi sayarwa duk da matsin, daga ita garken ya sake tashi.

Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, masu ajiyar kuɗi a tukunya suka wayi gari kaya sun yi tsada a hannunsu, Inna kuwa dukiyarta na ɗaure a turke. Da tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya iso unguwarsu, ita matan suka ba ajiyar akwatin kuɗin, don ta daɗe tana uwar adashe ba a taɓa jin dala ta ɓace ba.

'Ya'yanta sun yi ta roƙonta ta koma Maraɗi ko Yamai ta huta, ta ƙi. Har ƙafa ta yi nauyi tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, tana sasanta ma'aurata, tana biyan kuɗin littafin jikokin da ke lakwal daga lalitarta. Abin da ta fi nanata wa 'yan matan gidanmu shi ne, ko mijinki ya wadata, ki riƙe sana'arki, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, ba ta bar bashin kowa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Duk wanda ya karanta, muna roƙon ya sa ta a addu'a.