Gawayin ƙasa da ruwa: darasin Inugu ga Anu Araren da Salkadamna

1. Gabatarwa

Masu rubuta tarihin gawayin ƙasa a Afirka ta Yamma sun fi mai da hankali ga abu biyu: yawan tan da aka haƙo, da gwagwarmayar leburori, kamar harbin da ƴan sandan mulkin mallaka suka yi a Iva Valley ran 18 ga Nuwamba 1949, inda ma'aikata 21 suka rasu. A cikin wannan maƙala muna son mu duba ɓangare na uku, wato ruwa. Ra'ayinmu shi ne, awon ruwan da aka fara bayan an daɗe ana haƙa ba ya iya nuna iyakar ɓarnar da haƙar ta yi, tun da babu abin da za a gwada shi da shi.

2. Inugu: ruwa a matsayin abokin gaba

An gano gawayi a yankin Udi, kudu maso gabashin Najeriya, a 1909. An fara haƙa a 1915, a 1916 kuma hanyar jirgin ƙasa ta haɗa wurin da Fatakwal. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake fitarwa a shekara ya kai wajen tan 900,000. Daga nan ya yi ta raguwa, saboda jiragen ƙasa sun koma ga man dizal, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka bar ramukan, ruwa ya cika su.

Matsalar ruwan daga tsarin ƙasar ta samo asali. Gawayin yana kwance ƙarƙashin dutsen rairayi na Ajali, wanda ke riƙe ruwa mai yawa. Da an huda rami, sai ruwan ya riƙa tsiyayowa ciki. A can yana haɗuwa da iska da pirit, wani ma'adini mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta. Haɗuwar ukun nan ita ke haifar da ruwa mai tsami, wanda ke narkar da ƙarfe daga duwatsu, yana barin jan laka a duk inda ya bi. Ga injiniyoyi, wannan ruwa cikas ne kawai: yana cin famfuna da injuna, dole a zuƙe shi a zubar. Inda aka zubar kuwa ƙoramu ne, kamar Ekulu, wadda ke ratsa birnin, jama'a na wanka da wanki a cikinta.

Dokar da ta tilasta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli a Najeriya ba ta fito ba sai 1992, shekara 77 bayan fara haƙa. Nazarce-nazarcen masanan jami'o'i da muka fi dogara da su na shekarun 1980 zuwa gaba ne. Sun nuna tsami da yawan ƙarfe a ruwan ramukan, amma ƙoramar da suka auna ta riga ta shekara fiye da 60 tana karɓarsa. Har bayan da haƙar ta tsaya, ruwan bai daina fitowa ba, domin rufe ofis ba ya hana pirit haɗuwa da iska.

3. Anu Araren: wata ƙasa, wata tambaya

A Nijar an kafa kamfanin SONICHAR a 1975 don haƙar gawayin Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas. Tashar lantarkinsa ta fara aiki a 1981, da nufin ba ma'aikatun yuraniyom na Arlit da Akokan wuta. Nan ma aikin ya riga doka: dokar da ta tsara kula da muhalli ta 1998 ce.

Sai dai yanayin ya sha bamban. Inugu na samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, Agadas kuwa ba ta kai 200 ba. Haƙar Anu Araren a buɗe take, ba rami ba ne na ƙarƙashin ƙasa. Babu ƙorama mai gudu rani da damina da za ta nuna jan laka kowa ya gani. Yawancin ruwan da ke ƙarƙashin wannan yanki ya taru ne tun zamanin da Sahara ke da danshi, damina ba ta mayar da shi sai kaɗan. Saboda haka tambayar farko a nan ta yawa ce: nawa ake ɗiba, mita nawa ruwan ya sauka a rijiyoyin makiyaya da masu garka? Ta biyu, me ambaliyar damina ke kwasowa daga tarin toka da baraguzan haƙa zuwa cikin ƙoramu?

4. Kammalawa

An daɗe ana maganar haƙar gawayin Salkadamna a jihar Tawa da gina tashar lantarki a can. Daga abin da muka gani, abu uku ya kamata a riƙe. Na farko, a haƙa rijiyoyin awo sama da ƙasa da wurin, a auna zurfin ruwa da tsaminsa da gishirinsa da ƙarfensa, rani da damina, aƙalla shekara biyu kafin a fara aiki. Na biyu, a ajiye sakamakon a ma'aikatar ruwa da jami'a, inda ɗalibi ko magajin gari zai iya dubawa. Na uku, a tanadi kuɗin ci gaba da awon bayan an rufe wurin. In ba haka ba, ranar da manomi ya ce rijiyarsa ta sake ɗanɗano, ba shi da hujja, kamfani ma ba shi da abin kare kansa.