Daga Hukuncin Kisa Zuwa Mutum Miliyan Goma: Tarihin Wiwi a Najeriya

Yau zancen tabar wiwi za mu yi, amma ba wa'azi na zo yi muku ba, tarihi na kawo.

Dokokinmu suna kiranta tabar Indiya. A Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun kwashi samarinmu, da yawansu 'yan Arewa, suka kai su Indiya da Bama su yaƙi Japan. Masana tarihi da dama na ganin bayan an gama yaƙin a 1945 ne shanta ya bazu, ta hannun sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa da suka dawo gida. An san ta kafin nan, domin tun 1935 akwai dokar mulkin mallaka da ta hana ta, sai dai ba ta zama ruwan dare ba. Daga baya dazuzzukan Ondo da Edo da Delta suka karɓi nomanta.

To, a 1966 sojoji suka karɓi mulki, gwamnatin Janar Ironsi ta fito da doka mai zafi. Wanda ya noma wiwi, kisa ko ɗaurin shekara 21. Wanda aka kama da ita, ko ƙulli ɗaya ne, shekara 10. Ku duba fa, ɗan shekara 20 sai ya kai 30 zai fito. Shin an daina? Ina! A 1975 aka sassauta, aka cire hukuncin kisan. A 1984 aka sake tsanantawa. A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NDLEA.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya, na 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha. Shekara hamsin ana ɗauri, ga inda aka kwana.

Kar wani ya ce ina nufin ba ta da illa. Wallahi tana da ita. Sinadarin THC da ke cikinta shi ke bugarwa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Cikin waɗanda suka fara sha tun suna 'yan shekara goma sha, kusan ɗaya cikin shida sai ta kama shi ya kasa bari. Mai sha kullum, musamman mai ƙarfin, haɗarin taɓin hankali ya fi yawa a kansa. Ga mantuwa, ga tari.

Ni na gani da idona. Akwai abokina da muka yi sakandare tare, shi ke koya mana lissafi. Da abin ya fara taɓa shi, yana magana shi kaɗai, iyayensa ba asibiti suka kai shi ba, gidan mari suka kai shi. Ya fito da tabon sarƙa a ƙafa, ko wata biyu bai yi ba ya koma ruwa. Ban ga laifinsu ba, ba su san wata ƙofa ba. Kuma kun tuna 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani irin gidan a Rigasa ta Kaduna.

Duniya dai ta ɗan motsa. A Disambar 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari, don a samu damar bincike da haɗa magani. Ba a halatta busawa ba, a Najeriya har gobe laifi ne mai ɗauri.

Abin da tarihin nan ya koya min shi ne, mun gwada tsoro har na kisa, amma ba mu gwada magani da gaske ba. In ƙaninka ya fara canzawa, ba ya barci, yana zargin kowa, kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa da wuri, kafin a ce aljanu ne.

Ku faɗa min, a unguwarku ina ake kai irin yaran nan? Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya shirya mana zuri'a.