Igiyar Ƙasa a Gindin Rumbu: Tarihin Zaman Maciji a Gidajenmu

Kakata ba ta taɓa kiran sunan maciji da dare ba. In hira ta kai kansa, sai ta ce "igiyar ƙasa", ta kuma rage murya. A wani gungu na tsakiyar kogin Kwara aka haife ta, cikin ƙasar Yawuri, kafin ruwa ya cinye wurin. Daga bakinta na fara jin cewa a gidan mahaifinta akwai maciji da ke kwana a gindin rumbu, kowa ya san da shi, ba a dukansa, ba a kuma korarsa. Na tambaye ta, "Kaka, kiwonsa kuke yi kamar kaza?" Ta yi dariya ta ce, "Angona, wa ya isa ya yi kiwon igiyar ƙasa? Zaman amana ne. Shi yana kama mana ɓeraye, mu kuma ba ma taka masa hanya."

Wannan amsa ita ce ta sa na bi diddigin lamarin. Abin da na fahimta shi ne, maciji ya daɗe yana zama a gidajen mutanenmu, amma ba a taɓa ɗaukarsa dabbar gida irin kyanwa ko tantabara ba. Ko dai a girmama shi, ko a ci abinci da shi, kuma kowanne yana da ƙa'idarsa.

Zama na farko shi ne na girmamawa. Labarin kafuwar Hausa Bakwai ma da maciji ya fara: wanda ake kira Sarki, da ya tsare rijiyar Kusugu a Daura, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. Abin lura a nan shi ne, mutanen Daura sun yi shekaru suna zaune da shi a kan sharaɗinsa. A cikin Maguzawa kuwa, akwai abin da ake kira kan gida, wato wani abin da zuriya ke ganin shi ne majiɓincinta, kuma sau da yawa da siffar maciji ake danganta shi. Masu bori ma suna da Danko ɗan Musa, iskan da ke zuwa da kamannin maciji. Wannan tunani bai tsaya ga Hausawa ba. A garin Wida na Jamhuriyar Benin, har yau akwai ɗakin bauta da ake ajiye mesa a ciki, kuma in ɗaya ta fita ta shiga gidan wani, lallaɓa ta ake yi a mayar da ita.

Da Musulunci ya zo, ya kawar da bauta da neman tsari ga maciji, amma bai ce a afka wa duk wanda aka gani a ɗaki ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim akwai labarin da Abu Sa'idul Khudri ya ruwaito, na wani saurayi sabon ango a zamanin yaƙin Khandaƙ, wanda ya tarar da maciji a kan shimfiɗarsa, ya soke shi da mashi, suka mutu tare. Bayan haka aka yi umarni da a yi wa macizan gida gargaɗi na kwana uku kafin a kashe su. Malamai sun yi saɓani ko hukuncin na Madina ne kaɗai, amma ya isa ya nuna cewa haƙurin gidan su kakata yana da madogara a wurin malamansu.

Zama na biyu shi ne na sana'a, wato na gardawa masu wasa da maciji. Su ne kaɗai za a ce sun ajiye shi a gida da gangan, suna ciyar da shi. Ina yaro na sha ganin wani gardi ranar kasuwar Warra, da layu a damtse da akwatin katako mai hudoji. Ya san abubuwan da masana dabbobi suka tabbatar: maciji ba ya cin abinci kullum, ɓera ɗaya ko kwaɗo na iya riƙe shi kwanaki, jikinsa ba ya samar da ɗumi, don haka da sanyin hunturu sai an fito da shi hantsi, in idanunsa suka yi hazo, saɓa zai yi, kuma a lokacin ya fi saurin kai sara. Kiɗan da ake yi masa kuwa don jama'a ne, domin maciji ba shi da kunne na waje, motsin hannun gardi yake bi.

Sai dai sana'ar tana da ɓoyayyen ɓangare. Yawancin macizan da ake wasa da su an cire musu haƙoran dafi, abin da ke sa musu ciwon baki har su kasa cin abinci. Haƙoran kuma suna sake tsirowa, shi ya sa akan ji gardin da macijinsa ya kashe. Mafi muni, wasan talla ne na magani. In jama'a suka ga gamsheƙa ta nannaɗe wuyan mutum bai mutu ba, sai su sayi ƙullin gari suna ganin sun sami makari.

A tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji. Da tafkin ya cika, an tashi mutane fiye da 40,000 daga gungaye da garuruwan bakin kogi, ciki har da Gungawa da Kambari, aka kai su sababbin matsugunai. Kakata ta ce ranar da suka kwashe hatsi daga rumbu, mahaifinta ya tsaya ya yi wa macijin sallama, don ba a ɗaukarsa a kwale-kwale. A tudun da suka koma kuwa, wasu macizai suka tarar: kububuwa da ke lafewa cikin ciyawar gona, da kasa mai kwanciya a kan hanya. Waɗannan ba su san wata amana ba. Wani ƙanen kakata kububuwa ta sare shi lokacin girbi, aka ɗaure ƙafar tamau, aka tsaga wurin, aka ɗura masa garin gardi. Jini ya yi ta zuba daga dasashinsa har kwana na huɗu, ya cika. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma allurar kashe dafi ce maganinsa.

Irin wannan rashi bai ƙare ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, tana ƙiyasin cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duk shekara. Asibitin da ya fi shahara da wannan aiki a Arewa yana Kaltungo ta Jihar Gombe, tafiya mai nisa ƙwarai daga Ngaski ko Shanga.

Yanzu ga zama na uku yana leƙo mu ta wayar hannu. Samarinmu suna kallon Turawa rungume da macizai a falo. Abin mamaki, ƙaramar mesar da aka fi ajiyewa a Amurka da Turai daga yankinmu take, daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da ita. Ba ta da dafi, kuma masu ita suna saka ta a akwatin gilashi mai na'urar ɗumi. Kwanan baya na ga wani yaro a bakin tafki ya kamo ɗan maciji cikin gora, yana cewa zai rene shi ya ɗauki bidiyo. Bai san ko wane iri ba ne. Na roƙe shi ya sake shi a daji, ya yi, yana gunaguni.

Ban ga laifin son dabba ba. Amma kakanninmu da suka zauna da maciji sun san nau'in da ke gindin rumbunsu, sun kuma bar masa tazara. Gardi ma, duk da yaudararsa, ya yi shekaru yana koyo a hannun ubangidansa. Yaron nan kuwa bai gaji ko ɗaya ba. Abin da ya kamata mu riƙe daga wannan tarihi shi ne sanin macizan ƙasarmu da sunayensu, barin marasa dafi su yi mana maganin ɓera, da gaggauta kai wanda aka sara asibiti. Da ƙanen kakata ya sami wannan na ƙarshe, wataƙila da daga bakinsa na ji labarin.