Shekarar 1977: Yadda Aka Gano Ana Yanka Saƙon Gado Ana Ɗinke Shi

Tun daga 1961, lokacin da François Jacob da Jacques Monod na Faransa suka bayyana aikin RNA ɗan saƙo, masana sun ɗauka cewa ƙwayar gado rubutu ce miƙaƙƙiya, wadda ake kwafewa daga DNA harafi bayan harafi, a sarrafa furotin da ita yadda take. Haka abin yake a bakteriya, sai aka zaci haka yake a jikin mutum. Abu ɗaya ne ya ƙi daidaita: RNA ɗin da ke cikin cibiyar tantani ya fi wanda ke fitowa daga cikinta tsawo nesa ba kusa ba.

A 1977 ayari biyu a Amurka suka warware matsalar: na Phillip Sharp a MIT, da na Richard Roberts a Cold Spring Harbor. Dukansu sun yi aiki da adenobairos, ƙwayar cuta mai haddasa mura. Sun haɗa cikakken RNA ɗan saƙo da DNA ɗin da aka kwafo shi daga gare shi, suka duba a madubin ilektron. Da zaton farko gaskiya ne, da zaruruwan biyu sun manne daga farko har ƙarshe. Sai aka ga wasu sassan DNA sun lanƙwashe sun fito gefe, ba su da abokan haɗi. Ashe tantani yakan kwafe rubutun duka, ya yanke wasu sassa, ya ɗinke sauran. A 1978 Walter Gilbert ya kira abin da ake yankewa intron, abin da ake bari kuma ekson. A 1985 aka bayyana na'urar da ke wannan ɗinki, wato siflaisosom.

Wannan ya sauya fahimtar gado. Idan aka sauya eksonin da za a ɗinke, ƙwayar gado guda takan ba da furotin iri-iri. Idan kuma aka kuskure wurin yanka, cuta takan biyo baya, kamar a wasu nau'o'in ciwon jini na talasimiya. A 2016 Amurka ta amince da nusinersen, maganin da ke gyara ɗinkin ga yara masu ciwon shanyewar tsoka na gado.

Sharp da Roberts sun karɓi kyautar Nobel a 1993. Susan Berget, wadda sunanta ya zo farko a takardar MIT, da Louise Chow, gwanar madubin da ta fito da hotunan Cold Spring Harbor, ba su shiga cikin kyautar ba.