Kalmar Sirri da Zaurancen Ƙannenmu

Yau tarihin kalmar sirri za mu taɓa, wato faswod, da yadda ƙannenmu za su riƙe tasu.

Abin ya faro ne a 1961 a jami'ar MIT ta Amurka. Kwamfuta guda mutane da yawa ke rububi, sai Fernando Corbató ya ba kowa kalmarsa don kada wani ya leƙa aikin wani. Ba a jima ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, da awa huɗun da ake ba shi a mako ba ta ishe shi ba, ya sa injin ya buga masa kalmomin kowa a takarda. Kun ga ke nan makulli da ɓarawo tare suka taso.

A 2003 Bill Burr, ma'aikacin hukumar NIST ta Amurka, ya rubuta ƙa'idar nan da ta gallabi duniya: babban baƙi, ƙaramin baƙi, lamba, alama, kuma a riƙa canzawa. Mutane dai ba su fasa neman sauƙi ba. Da aka kwashe kalmomi miliyan 32 daga shafin RockYou a 2009, wadda ta fi yawa ita ce 123456. A 2017 Burr da kansa ya ce ya yi nadamar akasarin abin da ya rubuta, hukumar kuma ta koma cewa tsawon kalma ya fi tarkacen alamomi amfani.

Mu nan, lamarin ya shigo gidajenmu sosai ne a 2015, lokacin da JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaro daga Yako ko Kwanar Dangora zai je kafe, mai kafe ya buɗe masa imel, ya sa masa sunansa da shekarar haihuwa, layi na jira. Bayan wata shida maganar gurbin karatu ta taso, yaro ya tsaya zuru. Ba ya tuna abin da ba shi ya ƙirƙira ba, sirrinsa kuma yana littafin wani.

Abin da ke ba ni haushi, yaran nan gwanayen ɓoye magana ne tun fil azal. Wa bai yi zaurance ba? A juya "gida" ta koma "dagi", a cusa gaɓa cikin gaɓa, babba na zaune bai san da shi ake ba. Yaron da ya haddace izu biyar kuwa, jimla ɗaya ce za ta gagare shi?

To ku zauna da ƙaninku tun yana ƙaramar sakandare. Shi zai ƙirƙiro jimlar, da Hausa, kalma biyar ko shida, mai ban dariya, irin "akuya ta sha shayi a Tiga". Ya juya kalma ɗaya da zaurancensa, ya ƙara lamba in shafin ya nema. Ban da sunansa, ban da lambar waya, ban da wannan misalin nawa, tunda duk kun ji shi. Ya shigar da ita da hannunsa kullum har mako guda. A rubuta ta a takarda, Inna ta adana a akwatinta, ba a bayan littafin makaranta ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.