Yadda Mutanen Kanada Suka Koyi Tsinka Gudron a Ƙarƙashin Ƙasa

Ya kai mai karatu, ka san gudron, wanda wasu ke ce wa kwalta, baƙin abin nan da ake shimfiɗawa bisa hanya. In ya taɓa hannunka, ruwa da sabuni ba su fid da shi. Amma in makanike ya ɗiga maka gazuwal kaɗan, sai hannu ya fita tas. Dalili kuwa, gudron da gazuwal dangi ne, mai ba ya narkewa sai cikin mai. Riƙe wannan, don a kansa labarinmu ya tsaya.

Gudron da muka sani daga matatar mai yake fitowa. Amma a jihar Albarta ta ƙasar Kanada, Allah ya ajiye shi a ƙasa, gauraye da rairayi, a bakin kogin Atabaska. Mutanen wurin na asali, ƙabilun Kiri da Dene, sun daɗe suna liƙe jiragensu na ruwa da shi. A 1719 wani mutumin Kiri mai suna Wapasu ya kai wa Turawa ƴan kasuwa ɗan kaɗan su gani. Daga nan sai da aka yi shekara fiye da 200 ba a ci moriyarsa sosai ba. Arziki ne mai yawa, ana iya tace shi a sami isansi da gazuwal, amma ba ya gudu. Da sanyin ƙasar ya fi daskararren man kaɗe tauri. Ko ka gina rijiya, ba abin da zai tsattsafo.

Dabara ta fari ita ce haƙa. Wani masani, Kal Kilak, ya gano in aka cuɗa rairayin da ruwan zafi, gudron yakan taso sama kamar kumfa. Ya sami takardar mallakar dabarar a 1929, aka buɗe babbar ma'aikata ta fari a 1967 kusa da garin Fot Makmari. A nan akan zuba wa kumfar mai marar nauyi don ruwa da rairayi su kwanta. Irin wannan mai da ke tsinka gudron, bari mu kira shi manarki.

To, sai dai wajen kashi 80 cikin 100 na gudron ɗin ya yi zurfin da haƙa ba ta kai masa. Dole a narka shi can inda yake. A ƙarshen shekarun 1970 wani injiniya, Roja Batla, ya kawo shawara a gina rijiya biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, da tazarar mita 5. Ta sama a tura mata tururi mai zafi fiye da digiri 200, gudron ya narke, nauyinsa ya gangaro da shi ta ƙasa, a zuƙo shi. An gwada a 1987, aka fara ciniki da ita a 2001.

Dabarar ta ci, amma tana da ci. Kowace ganga ta gudron tana bukatar a dafa ruwa wajen ganga 3. Wutar dafuwar da gaz ake hura ta, ga kuɗi, ga hayaƙin da ke ƙara ɗumamar duniya. Zafi mai yawa kuma duwatsu yake ɗumamawa a banza.

Batla ɗin dai, tare da abokin aikinsa Igo Mokris, su suka sake tunani. A 1991 suka bayyana wata hanya da suka sa wa suna Vapex. Rijiyoyin biyu suna nan, amma maimakon tururi sai a tura furofan ko butan, wato irin gaz ɗin girki. Gaz ɗin yakan shige cikin fuskar gudron sannu sannu, ya raba ƙwayoyinsa masu maƙale da juna. Wurin ya tsinke, ya zube ƙasa, sabuwar fuska ta buɗe, manarki ya kama ta. In ka taɓa jiƙa ƙaro, ka ga haka: bayansa ke narkewa, cikinsa yana nan da tauri.

A ɗakin gwaji abin ya yi kyau. A fili kuwa ya cika nawa, domin zafi ya fi manarki saurin ratsa ƙasa nesa ba kusa ba. Ga shi manarki da tsada, wani kuma yakan maƙale a ƙasa ya ƙi dawowa. Furofan yana kuma ware sashen gudron mafi nauyi ya bar shi a ƙasa. Wannan yakan gyara man da ya fito, amma yana iya toshe masa hanya.

Da aka ga haka sai aka haɗa su aure. Ana zuba manarki kaɗan cikin tururi, su tafi tare har inda gudron yake. Zafi ya sassauta shi, manarki ya ƙarasa, tururin da ake bukata ya ragu. Kamfanin Imperial Oil ya gwada haka a yankin Kol Lek a shekarun 2000, a 2024 kuma ya buɗe sabon fili da ke aiki da rijiyoyi biyu da wannan haɗi.

Ko gudron ya fito, aikin manarki bai ƙare ba. Da ya huce sai ya koma ya daskare, don haka ana sirka shi da wajen kashi 30 cikin 100 na mai marar nauyi kafin ya bi bututu. Nan ma akwai hatsari. A 2010 bututu ya fashe kusa da kogin Kalamazu a Amurka. Manarki ya bi iska, wani sashen gudron ya nutse cikin laka, aka shekara da shekaru ana yashewa.

Saboda haka in ka ji ana yabon wannan dabara, tambayi abu biyu: tururi nawa ta rage, kuma cikin manarkin da aka zuba, nawa ya dawo? A nan ake gane riba da hasara.