Masu gyaran magana da matsalar bambancin harshe da al'ada

Gyaran magana fanni ne na kiwon lafiya da ke kula da masu in'ina, da yaran da bakinsu ya yi jinkirin buɗewa, da manyan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, har da masu wahalar haɗiye abinci. Sana'ar ta kafu ne a ƙasashen Turawa: ƙungiyar ASHA ta Amurka ta samo asali a 1925, takwararta ta Birtaniya kuwa a 1945. Cikin waɗanda suka kafa ta Birtaniyar akwai Lionel Logue, mutumin Ostareliya da ya yi wa Sarki George na Shida aikin in'ina.

Da yake harshe shi ne kayan aikin wannan sana'a, asalin ma'aikaci da harshen da ya tashi da shi suna tasiri a cikinta fiye da yadda suke yi a sauran ayyukan asibiti. Likitan ƙashi zai iya ɗora karaya ko da ba ya jin yaren majinyaci. Mai gyaran magana kuwa dole ya tantance ko abin da kunnensa ya ji cuta ce ko kuwa karin harshe ne kawai. Misali, yaron Sakkwato da ya ce “hwari” maimakon “fari” lafiyarsa ƙalau, haka ake faɗa a gidansu; amma wanda bai san Sakkwatanci ba zai iya rubuta masa matsalar furuci. Haka yaron da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai a gaban manya, ana iya ɗaukar kunyarsa alamar lalura a inda ake auna yaro da kallon ido cikin ido.

A Amurka an daɗe ana wannan muhawara. A 1979, alƙali Charles Joiner ya yanke hukunci cewa hukumar makarantu ta garin Ann Arbor na jihar Michigan ta gaza domin ba ta yi la'akari da irin Ingilishin da yara baƙar fata ke yi a gida ba wajen koya musu karatu. A 1983 ASHA ta fito fili ta ce babu wani karin harshen Ingilishi da za a kira cuta. Kafin nan, a 1978, baƙaƙen fata masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu, NBASLH.

Duk da haka sauyin bai taka kara ya karya ba. Kusan tara cikin goma na mambobin ASHA fararen fata ne, masu iya aiki da harshe fiye da ɗaya ba su kai ɗaya cikin goma ba, alhali kimanin mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar ba Ingilishi yake yi a gida ba. Sakamakon iri biyu ne: a tura lafiyayyen yaro ajin masu buƙata ta musamman, ko a ƙyale mai lalurar gaske da zaton “rashin jin Turanci ne”. Na biyun ya fi muni, domin shekarun ƙuruciya da gyara ya fi kamawa ba sa dawowa.

Afirka ta Kudu ma na fama da nata: harsunan hukuma 12 gare ta tun da aka ƙara harshen kurame a 2023, amma akasarin ma'aikatan da Ingilishi ko Afrikaans suke aiki. Abin da aka fi dogara da shi shi ne tafinta, da ɗaukar mataimaka daga cikin al'umma, da tsara gwajin a harshen yaro tun daga tushe, tun da fassara gwajin Ingilishi kalma da kalma ba ta auna sautuka irin su ƙ da ɗ da ɓ, balle hawa da saukar murya da ke bambanta ma'ana a Hausa.